Ƙarfen rataya tele: uku na saya, ɗaya ya zauna a falona

Shekara biyu telenmu na zaune kan tebur da ƴan ƙafafunta biyu, ba ta dami kowa ba, sai da auta ya fara tsayuwa. Wanda ya raini yaro ya san wannan lokacin, komai ya kama sai ya ja. Wata ranar Juma'a bayan la'asar ina alwala a tsakar gida na ji uwargida ta yi salati da ƙarfi, na shigo da gudu da ruwa a hannu na tarar ta tare tele da ƙirjinta, yaron kuma na zaune a ƙasa riƙe da wayar dekoda yana dariya. Da ta mayar da numfashi sai ta ce, "Malam, ko ka ɗaga abin nan sama, ko in saka shi ƙarƙashin gado har yaron nan ya shiga lakwal." Ban yi musu ba. Washegari na hau kabu-kabu sai Kasuwar Dole ta nan Damagaram.

Ni malamin lissafi ne, shekaru ina koya wa ƴaƴan mutane awo. Na faɗi haka ne tun yanzu don ku san girman abin kunyar da ke tafe: na fita gida ban auna komai ba. Abin da na riƙe a kai kawai shi ne tele inci 43 ce, ko pus 43 kamar yadda masu shago ke cewa.

Shagon da na shiga na wani dattijo ne mai sayar da kayan wuta, fanka, wayoyi da kwanon parabol. Ba zan kama sunansa ba, amma zan ce mutumin kirki ne, kuma zan zo kan dalili. Ya sa yaronsa ya sauko da kwalaye uku. Su sipor suke ce wa abin. Na farko shafaffe ne, yana manne tele da bango kamar hoto, ba ta motsi ko kaɗan. Na biyu yana barin tele ta sunkuyo kaɗan, a jikin kwalin an rubuta digiri 15. Na uku mai hannu ne, da gwiwa kamar ta mutum, ka jawo tele waje, ka juya ta dama ko hagu, ka mayar. Yaron ya buɗe hannun ya naɗe sau biyu a gabana, ni kuma ido ya rufe. Na hango kaina ina kallon ƙwallo daga bakin ƙofa ina shan iska. A jikin kwalin an rubuta daga inci 14 zuwa 55. Na ce to 43 ai tana tsakiya. Muka yi ciniki, na biya jikka tara, wato sefa dubu tara, na kama hanya.

A gida na kifa tele kan katifa, na ɗora farantin ƙarfen a bayanta, sai ramuka suka ƙi haɗuwa. Ɗaya ya yi daidai, uku su tsaya can nesa suna kallona. Na juya farantin ta kowace fuska, a banza.

A nan ne na ɗauko abin awo, abin da ya kamata in yi tun safe. Kusan kowace tele ta zamani tana da ramuka huɗu a baya, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba a ka ake yin ta ba, ƙa'ida ce da wata ƙungiyar masu kayan lantarki ta Amurka, VESA, ta fitar tun 1997. Ana auna ta da milimita, na kwance da na tsaye: 75 da 75, 100 da 100, 200 da 100, 200 da 200, 300 da 300, 400 da 400, har 600 da 400 ga manya. Tawa santimita 30 ce ta kowane gefe, wato 300 da 300. Farantin da na sayo iyakarsa 200 da 200, an ma rubuta a gefen kwalin da ƙananan baƙaƙe, ni ne ban duba ba. Lambar inci da ake bugawa ɓaro-ɓaro a gaban kwali ba ta faɗa maka komai game da ramuka. Inci awon fuskar gilashi ne daga kusurwa zuwa kusurwa, kowane inci santimita 2.54, ka ga 43 ta tashi kusan santimita 109. Tele biyu masu faɗi ɗaya daga kamfani biyu suna iya zuwa da ramuka daban. Wanda zai je kasuwa ya auna tsakanin ramukan daga tsakiya zuwa tsakiya, ya rubuta a tafin hannu in ba shi da takarda.

Na koma da kwalin a kunyace. Dattijon ya duba ledar kusoshin ya ga ban farka ba, ya ce, "Mushe, ai ba komai, kullum ana yi." (Mushe dai haka ake kiran malamin makaranta a nan.) Ya karɓa, ya ba ni babban mai hannu wanda farantinsa ya kai 400 da 400, na cika jikka biyar. Ga dalilin da na ce mutumin kirki ne, don akwai shagon da in ka juya baya da kaya an gama magana. Amma laifinsa ɗaya da ba zan ɓoye ba: bai tambaye ni irin bangon gidana ba, sau biyu ina zuwa. Kuma a garin nan wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci.

Kafin in kai ga bango, a bar ni in tsaya kan kusoshin bayan tele, don nan ma akwai rami. Ledar na zuwa da kusoshi masu zare iri-iri, an rubuta M4, M6, M8, lambar ita ce kaurin kusar da milimita. Ƙananan tele galibi M4 suke ci, matsakaita M6, manya M8, amma akwai kamfanin da ke sa M8 ko a matsakaiciya, don haka gwadawa ake yi da hannu, a hankali, wadda ta shiga sumul ita ce. Abin tsoron shi ne tsawo. Ramin ba shi da zurfi sosai, bayansa kuma kayan cikin tele ne. In kusa ta yi tsawo ka ci gaba da murɗawa da ƙarfin tuwo, kana iya fasa abin da gyaransa ya fi kuɗin maratayi sau goma. Ni tsinken sakace na zura na ga zurfin, sannan na zaɓi kusar da ba ta kai ƙarshe ba. Waɗancan ƴan zobban roba baƙaƙe da ke cikin ledar, waɗanda na ɗauka shara ce, aikinsu ke nan: su cike tazara in kusa ta yi tsawo ko bayan tele ba shafaffe ba ne.

To, bango. Gidan haya nake a Sabon Gari, ginin bulo na siminti. Na nemi izinin mai gida, ya ce in huda amma ranar tashi in toshe. Na aro injin huda bango wurin maƙwabci, na sa robobin nan da suka zo cikin kwali, waɗanda ake cusawa a rami kafin kusa, na ɗaure, na rataya. Ta yi kyau. Makon farko duk wanda ya shigo sai na jawo hannun na juya masa ya gani, har uwargida ta fara ce mini mai tallar ƙarfe.

Wajen mako na biyar tana shara ta ce, "Wai garin simintin nan daga ina yake zubowa kullum?" Na duba ƙarƙashin tele, ga ɗan tudun gari fari-fari a kan kafet. Na haska bayan tele da fitilar waya. Farantin da ke jikin bango ya rabu da bangon daga sama, har ɗan yatsana na shiga, robar sama ta leƙo waje kamar kan ƙadangare. Jikina ya yi sanyi, don daidai wurin auta ke zama da kwanon kununsa. Daren nan tele a kan katifa ta kwana.

Da na zauna da alli sai lissafin ya fito fili, lissafin da nake ba ƴan aji. Telen ba ta fi kilo 8 ba, kwalin kuma ya ce ƙarfen na ɗaukar 35. Gaskiya ne, ƙarfen na ɗauka, bangon ne bai yi wa kowa alkawari ba. In an miƙe hannun, tele na nesa da bango da santimita 40. Tsakanin kusar sama da ta ƙasa a farantin bango santimita 16 ne. Kilo 8 sau 40, a raba da 16, ya ba da 20. Wato kusar sama ana fizgar ta waje da ƙarfin kilo 20, ban da nauyin hannun kansa, ban da jijjigar da nake yi masa kullum ina nuna wa baƙi. Ɗauki bokitin ruwa ka manna da cinyarka, sannan ka miƙe hannu da shi, kafaɗarka za ta yi maka bayani. Da a ce telen na santimita 5 kawai daga bango, wannan fizgar ba ta wuce kilo 2 da rabi ba, kuma kusoshi da yawa ne za su raba ta.

Na kira wani magini da ya taɓa yi mana gyaran bayan gida. Da ya shigo bai ko kalli ƙarfen ba. Ya dunƙule hannu ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa, kunne a kusa, nan ƙwal-ƙwal, nan dum. Ya ce, "Mushe, bulonka mai rami ne, kuma wanda ya buga shi ya ji tausayin siminti." Ya sa farce a bakin ramin da na huda, yashi ya zubo. Ya nuna mini cewa fatar bulon ba ta fi kaurin yatsu biyu ba, bayanta iska ce, robar da na cusa rabinta a sarari take tana lilo. Robobin cikin kwali an yi su ne don bango cikakke, kankare ko bulo marar rami. Ya ce in lallai mai hannu nake so, sai dai a nemi ginshiƙin kankare, poto, a ɗaura a kai, ɗakin kuma potonsa na can kusurwa bayan ƙofa, inda ba mai kallon tele sai gizo-gizo.

Na koma Kasuwar Dole karo na uku. Wannan karon ban nemi canji ba, kayan ya riga ya ci bango. Na sayi mai sunkuyawa jikka shida, bayan na juya shi a hannu na duba abin da yanzu na san dubawa: ramukan sun kai 300 da 300, ƙarfen ba ya lanƙwasa in ka matsa shi da hannu biyu, farantin bango dogo ne a kwance, mai ramuka da yawa ta yadda za ka zaɓi inda bango ya fi ƙarfi, kuma a ƙasan sandunan biyu akwai ƴan kusoshin kulle da ke hana tele ficewa in an tura ta sama. Akwai wani mai araha a gefe, jikka uku da rabi, na ɗaga shi na ji kamar murfin gwangwani. Araha ba ta ado. Na ajiye.

Aikin maginin ya burge ni, shi ya sa zan faɗe shi dalla-dalla. Ya fara da tambayar inda wayar wuta ta bi, ya ƙi huda daidai saman soket, ya ce yawanci nan waya ke hawa a miƙe cikin bango. Ya ɗora farantin, ya sa nibo, ma'aunin nan mai ɗigon ruwa, ya yi alama da fensir. Ɗan ƙaramin nibo na roba da ya zo cikin kwalin ya gwada shi kusa da nasa, ya ga sun saɓa, ya miƙa wa auta ya yi wasa. Sannan ya fasa wuri huɗu, kowanne faɗin bakin kofin shayi, ya cusa takardar buhun siminti can ƙasa cikin ramin bulon don ta tare, ya cika da kwaɓi mai ƙarfi, ya dasa dogayen ƙarafa masu zare a ciki da kansu a waje. Ya ce kada in rataya ko hula sai bayan kwana huɗu, kuma in riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. A Damagaram ce wa mutum ya shayar da bango ruwa ba ƙaramar magana ba ce, amma kofi ɗaya ya isa. Ranar ta biyar ya dawo, ya ɗaure farantin da noti, ya kama shi da hannu biyu ya saki nauyinsa a kai har ƙafafunsa suka kusa barin ƙasa. Ya ce, "To, yanzu kawo amaryar." Ladansa jikka huɗu, da kuɗin siminti.

Mun ɗan yi gardama kan tsayi. Shi ya saba ɗaura wa mutane can sama kusa da silin, kamar ta ɗakin jira. Ban san wanda ya koya mana haka ba, amma gidaje da yawa in ka shiga sai ka ɗaga kai kamar mai neman jinjirin wata, kafin a tashi wasa wuya ya ƙage. Ƙa'idar mai sauƙi ce, tsakiyar gilashi ya zo kusa da daidai idon mai kallo a zaune. Wanda ke kan kujera idonsa wajen mita ɗaya da ɗan kai yake daga ƙasa, mu kuwa masu zaman kafet da tabarma ƙasa da haka. Sai dai in na bi ƙa'idar sak, na mayar wa auta da abin wasansa. Muka tsaya a tsakiya: na miƙar da yaron, ya ɗaga hannu iya ƙarfinsa, muka ƙara taƙi ɗaya a kai, nan gindin tele ya tsaya. A nan sunkuyawar ta yi rana. Da aka karkato ta ƙasa kaɗan, mai zaman kafet na ganin hoto da launinsa, ba ya dushewa, hasken taga da ke faɗowa kan gilashi da hantsi shi ma ya kauce.

Shafaffen ban saya wa kaina ba, amma na gan shi a gidan abokin aikina, kuma ga abin da ya sa ban yi sha'awarsa ba. Tazarar da yake bari tsakanin tele da bango ba ta fi yatsu biyu ba. Ramukan wayar telensa baya suke kallo, ba gefe ba, don haka wayar HDMI, mai kawo hoto daga dekoda, a lanƙwashe take kamar an taka ta, in zai sa wani abu sai an sauke tele gaba ɗaya, mutum biyu. Ga kuma ƙura. Mu da muka san hunturu, mun san inda hannu ba ya shiga nan ƙura ke tarewa, kuma ramukan shan iskar tele a baya suke. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin kwano ya zama tanda, ban so kayan wuta ya manne da bango ba ya numfashi. Mai sunkuyawa na barin wajen santimita 5 zuwa 6, hannuna na shiga da tsumma. Amma in gaskiya za a bi, shafaffen ya fi kowanne sauƙi a kan bango kuma ya fi araha, wanda ramukan wayarsa ke gefe kuma ba shi da ƙananan yara ba zai yi nadama ba.

Aibin nawa, don kada a ce na yi masa talla: notin da ke riƙe sunkuyawar yana saki a hankali. Bayan wata uku na lura tele ta ƙara duƙawa kamar mai gaida surukai, sai da na ƙara ɗaurewa. Takardar bayani hotuna ne ƙanana da rubutun da ba Faransanci ba ne sosai, ba Ingilishi ba ne sosai. Fentin kuma ya fara ɓarewa inda sandunan ke gogar farantin. Ba shi da wurin ajiye dekoda, sai da kafinta ya yi mini ɗan katako, wayoyin kuma na rufe su da ƴar kwatar roba da ake mannawa a bango, don wayar da ke reto ita ce ta fara jawo duk wannan magana.

Da Inna ta zo ta gani sai ta ce ita ma a ɗaga mata tata, jikoki sun dame ta. Gidanmu na gado a Birni yake, ba nisa da fadar Sarki, ginin ƙasa ne mai kauri da aka yi wa shafen siminti daga ciki. Na kai maginin. Ya ƙwanƙwasa sau ɗaya ya ce, "Inna, wannan bangon ya girme ni, ba zan yi masa rashin kunya ba." Shafen siminti a kan ƙasa ɓawo ne kawai, kusa ba ta da abin kamawa, in ta kama yau za ta fito da faifan shafe gobe. Akwai masu huda bangon har waje, su zura dogon ƙarfe, su tare shi da faranti ta baya, ya ce yana riƙewa, amma bayan ɗakin Inna lungu ne da ruwan damina ke duka, rami a bangon ƙasa kuwa hanyar ruwa ce. Sai ya kawo shawarar da ban taɓa tunani ba. Mai walda ya yanko bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, tsawon mita biyu, aka haƙa rami a daɓen ɗakin dab da bango, aka dasa shi da kankare kamar turken awaki, aka yi wa shafaffen maratayi walda a jikinsa. Telenta inci 32 ce, ramukanta 100 da 100, nauyinta bai kai na tulun ruwa ba. Bangon ba a taɓa shi ba. Inna ta sa an rufe bututun da wani tsohon zane, ta ce ba ta son ganin ƙarfe tsirara a ɗakinta. Ka ga na ukun da na saya ke nan, jikka huɗu, ban da mai walda.

Mai hannun kuwa bai tafi a banza ba. Ƙanen uwargida na da shagon aski, a tsakiyar shagon akwai poton kankare. Na ba shi kyauta, aka ɗaura da kusoshin ƙarfe masu buɗewa a cikin rami, ba na roba ba. Yau wata takwas ke nan, yana juya ta wajen benci in ana ƙwallo, ya juyo ta wajen madubi in yana aski, ko gezau. Duk ranar da na je aski sai na leƙa bayan farantin in ga ko gari na zuba, shi kuma ya ce, "Yaya, zauna mana, ka bar ƙarfen nan ya huta."

Ramuka huɗun da na huda da hannuna suna nan a gefen tele, na rufe su da kalandar bara. Mai gida bai gani ba tukuna.